Tsirrai a Yaƙi da Gansakukar Bakteriya

Gansakukar bakteriya, wadda masana ke kira bayofim, taron ƙwayoyin cuta ne da ke manne wa wani abu, su lulluɓe kansu da yauƙin da suke fitarwa. Ana samun ta a jikin haƙori, a gyambon da ya ƙi warkewa, da cikin robar fitsari da ake sa wa majinyaci. Ƙwayar da ta shige cikin wannan yauƙi tana iya jure wa maganin antibayotik ninkin-ba-ninkin fiye da wadda ke yawo ita kaɗai.

Antonie van Leeuwenhoek, mutumin Holan, ya kankare dattin haƙoransa a 1683 ya duba shi da madubin ƙara girman abu da ya ƙera. Ya lura cewa ruwan khal yana kashe ƙwayoyin da ke sama ne kawai, na ciki suna nan da ransu. Sai a 1978 J. William Costerton ya fayyace yadda bakteriya ke manne wa abubuwa.

Babban sauyi ya zo ne da aka gane cewa ƙwayoyin suna aika wa juna saƙo da sinadarai kafin su haɗa kai. A 1996 aka nuna cewa wata jar ciyawar teku ta Ostireliya, Delisea pulchra, tana toshe wannan saƙo ba tare da ta kashe su ba. Wannan dabara ce mai kyau, domin ƙwayar da ba a nemi ranta ba ba ta da dalili mai ƙarfi na bijirewa. Masana a Denmak sun bi sawu da tafarnuwa, har a 2012 suka gano cewa sinadarinta ajoene na yin irin wannan aiki a kan ƙwayar cutar Pseudomonas aeruginosa. A 2015 kuma masana a Jami'ar Nottingham ta Ingila suka sake haɗa wani maganin ido na ƙarni na 10, mai tafarnuwa, albasa, giyar inabi da matsarmamar bijimi, ya kashe ƙwayar MRSA mai jure wa antibayotik a ɗakin gwaji.

Asuwakin da Bahaushe ke goge baki da shi, musamman na itacen Salvadora persica, yana cikin wannan tarihi, tunda dattin haƙori shi kansa gansakuka ne.

Mafi yawan wannan aiki har yanzu bai wuce ɗakin gwaji da jikin ɓeraye ba. Mai gyambon da ya ƙi warkewa ya je asibiti, kada ya dogara da tafarnuwa kaɗai.