Tabar wiwi: ina aka halasta ta, kuma ina Nijar da ƙasar Kurfai suka tsaya?

A cikin kayan mayen da doka ta hana, babu wanda ake sha a duniya kamar tabar wiwi. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ONUDC, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 228 ne suka sha ta a shekarar 2022. Daga 2013 zuwa yau ƙasashe da dama sun sassauta dokokinsu a kanta, har da wasu na Afirka, kuma labarin yana isa ko'ina ta rediyo da wayar salula, har fadojin samari na Filinge da ƙauyukan Kurfai. Tambayar da ake yi ita ce ko wannan iska za ta ci gaba da kaɗawa har ta iso Sahel. Amsar ta danganta da abin da mutum yake nufi da kalmar "halastawa".

Kalma ɗaya, abubuwa uku

Na farko shi ne ba da lasisin noman wiwi don magani ko masana'antu. A nan gwamnati ce ke zaɓen wanda zai noma, da inda zai noma, da wanda zai sayar wa. Mai sha don maye yana nan a matsayin mai laifi.

Na biyu shi ne cire hukuncin ɗauri daga kan mai sha. Tabar tana nan a haramce, ana kama dillalai, amma wanda aka samu da ɗan abin shansa sai a ci shi tara ko a tura shi wurin likita. Fotugal ta bi wannan hanya tun 2001 ga dukkan ƙwayoyi.

Na uku shi ne halasta wa baligi ya mallaka ya sha don nishaɗi, wani wurin ma har da shagunan sayarwa masu biyan haraji. Wannan ne ya fi yin amo a labarai, kuma shi ne mafi ƙaranci a duniya.

Inda aka buɗe ƙofa

Urugwai ce ta fara halasta ta a faɗin ƙasa, a watan Disamban 2013, zamanin shugaba José Mujica, aka kuma soma sayarwa a kantunan magani a 2017. Kanada ta biyo baya ranar 17 ga Oktoban 2018. A Turai, Malta ta yi nata a 2021, Luksamburg a 2023, sai Jamus ranar 1 ga Afrilun 2024, inda baligi ke iya yawo da giram 25 ya kuma shuka tushe 3 a gidansa. A Amurka jihohin Kolorado da Washington ne suka buɗe hanya a 2012, yanzu jihohi 24 sun halasta ta don nishaɗi, ko da yake dokar tarayya ba ta yi hakan ba.

Tafiyar ba ta miƙe ɗoɗar ba. A zaɓen Nuwamban 2024 masu jefa ƙuri'a a Dakota ta Arewa da Dakota ta Kudu sun ƙi, a Fulorida kuma masu goyon baya sun sami kusan kashi 56 cikin 100 alhali ana buƙatar 60. Tailan, wadda ta cire wiwi daga jerin miyagun ƙwayoyi a Yunin 2022, ta ja da baya a Yunin 2025, ta ce sai da takardar likita. Faransa, wadda dokokin Nijar da yawa suka samo tsari daga nata, ba ta halasta ba: tun Satumban 2020 tana cin mai sha tarar Yuro 200, sai gwajin amfani da ita a asibitoci da ta fara a Maris 2021.

Yarjejeniyoyin duniya

Yarjejeniyoyi uku na Majalisar Ɗinkin Duniya, na 1961 da 1971 da 1988, su ne ginshiƙin haramcin, kuma Nijar tana cikin dukkansu. Sun yarda da amfani da irin waɗannan abubuwa don magani da binciken kimiyya kawai. Ranar 2 ga Disamban 2020 hukumar kula da ƙwayoyi ta Majalisar, mai zama a Biyana, ta cire wiwi daga rukuni na 4 na yarjejeniyar 1961, rukunin abubuwan da ake ganin sun fi haɗari kuma amfaninsu a magani kaɗan ne. Da kyar shawarar ta wuce: ƙasashe 27 suka amince, 25 suka ƙi, ɗaya ta ƙaurace. Wiwi ta ci gaba da zama a rukuni na 1, wato ƙarƙashin tsauraran matakai. Maroko da Afirka ta Kudu sun amince. Huɗu daga cikin maƙwabtan Nijar, Najeriya da Burkina Faso da Aljeriya da Libiya, duk sun ƙi.

Afirka: noma don kasuwa

A nahiyar nan, nau'i na farko ne ke yaɗuwa. Lesoto ta fara ba da lasisin noman wiwi don magani a 2017, Zimbabuwe a 2018, Malawi a 2020. Gana ta saka shi cikin dokarta ta 2020, amma ga irin da sinadarin maye na THC bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba. Kotun ƙolin ƙasar ta soke sashen a 2022 saboda yadda aka bi wajen zartar da shi, majalisa ta sake amincewa da shi a 2023.

Maroko, babbar mai samar da daskararren ƙaron wiwi da ake kira hashish, ta kafa doka mai lamba 13-21 a 2021 don magani da masana'antu. Ta taƙaita noman ga larduna uku na tsaunukan Rif, Al Hoceima da Chefchaouen da Taounate, ƙarƙashin hukumar ANRAC. A Agustan 2024 Sarki Muhammad na Shida ya yi wa manoman wiwi fiye da 4,800 afuwa. Shan ta don maye har yanzu laifi ne a can.

Afirka ta Kudu ce ta fita daban. Kotun tsarin mulkinta ta yanke hukunci a Satumban 2018 cewa baligi na iya shukawa ya sha a keɓe, shugaba Cyril Ramaphosa kuma ya sa hannu kan dokar da ta tsara hakan a Mayun 2024. Saye da sayarwa ba su shiga ciki ba.

A Najeriya, binciken ƙasa na 2018 ya nuna masu shan wiwi sun kai miliyan 10.6. Marigayi Rotimi Akeredolu, lokacin yana gwamnan Ondo, ya nemi a ba da damar noman ta don magani, amma shugaban hukumar NDLEA, Janar Buba Marwa mai ritaya, ya sha bayyana adawarsa da halasta shan ta.

Dokar Nijar da hanyar fatauci

Dokar da ke aiki a Nijar ita ce mai lamba 99-42 ta ranar 23 ga Satumban 1999. Ta hana noma, sayarwa, safara, mallaka da sha. Hukumar OCRTIS ce ke jagorantar yaƙin, tare da 'yan sanda da jandarmomi da ma'aikatan duwan.

Nijar ba ta cikin ƙasashen da suka shahara da noman wiwi. Busasshen ganyen yana shigowa ne daga kudu, musamman Najeriya da Gana. Hashish kuwa ratsawa yake yi: daga Maroko ya bi ta Muritaniya da arewacin Mali, ya keta Nijar zuwa Libiya da Masar. A Yunin 2018 an kama kusan tan 2.5 a wani ɗakin ajiya a Yamai. A Maris 2021 aka kama tan 17, kuma a Yamai, wanda aka ƙiyasta kuɗinsa a kusan miliyar 20 na sefa. Wannan kaya daga Lebanon ya fito, ya sauka a tashar ruwan Lome, za a wuce da shi Libiya. Rahoton ONUDC na 2024 kan Sahel ya nuna cewa ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai suna cin moriyar wannan fatauci, ta hanyar karɓar kuɗin wucewa ko na rakiya.

Me wannan ke nufi ga Kurfai?

Filinge tana cikin kwarin Dallol Boso, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, a kan babbar hanya ta 25 da ke bi ta Baleyara. Arewa da ita akwai Abala, bayan Abala kuma iyakar Mali ta ɓangaren Menaka. Ƙasa ce ta gero da wake da kiwo, damina gajera, ruwan sama ba shi da tabbas. Hujjar da ta ja Lesoto da Maroko, wato a mayar da tsohon noman ɓoye ya zama halastaccen kayan fitarwa, ba ta da wurin kamawa a nan, domin babu irin waɗannan gonaki da za a fito da su fili. Noman magani kuma yana son ruwa, wutar lantarki, ɗakin gwaji da shinge mai tsaro.

Ga batun tsaro. An sanya yankin ƙarƙashin dokar ta-ɓaci kamar sauran sassan jihar Tillaberi da ke fama da hare-hare. A wurin da hukuma ke kallon fataucin ƙwaya da ta'addanci a matsayin Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, da wuya wani jami'i ya fito da maganar sassauci. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 babu zaɓaɓɓiyar majalisar dokoki da wani ɗan majalisa zai gabatar da ƙuduri a cikinta, kuma ba a san wata jam'iyya ko babbar ƙungiyar farar hula da ta ɗauki halastawa a matsayin manufa ba.

Sai addini. Malaman Musulunci a ƙasar Hausa sun haramta wiwi saboda tana gusar da hankali, kuma babu dokar da za ta yi tasiri a Kurfai idan limamai da sarakunan gargajiya suka juya mata baya. Sai dai a cikin fiƙihun Malikiyya akwai wani bambanci da ya daɗe. Shehin malami Alƙarafi na Masar, wanda ya rasu a 1285, ya raba hashish da giya wajen hukunci: ya hana shan abin da zai taɓa hankali daga gare ta, amma ya ce horon mai shan ta ladabtarwa ce da alƙali zai auna, ba haddin giya ba. Ke nan tun da can an bambanta haramcin abu da nauyin horon wanda ya faɗa masa.

Lafiya da gidan kaso

A kan wannan gaɓar ce muhawarar ta fi kusa da Nijar. Likitoci sun tabbatar cewa kusan mutum 1 cikin 10 na masu shan wiwi yana zama ba ya iya rabuwa da ita, kuma adadin yana hawa zuwa 1 cikin 6 ga wanda ya fara tun yana matashi. Yawan shan mai ƙarfi yana da alaƙa da taɓin hankali. A Sahel kuma ana yawan haɗa ta da taramol, ƙwayar rage zafin ciwo da ake shigo da ita da ƙarfin miligiram 225 ko 250, alhali ƙwayar da likita ke rubutawa 50 ce ko 100.

Filinge tana da kotu da gidan kaso. Sashen masu taɓin hankali da aka fi sani a ƙasar, Pavillon E na babban asibitin ƙasa, yana Yamai. Ga iyalin da ɗansu ya kamu, gidan kaso ya fi asibitin kusa.

Kwamitin Afirka ta Yamma kan ƙwayoyi, wanda Kofi Annan ya assasa, Olusegun Obasanjo ya shugabanta, ya ba da shawara a rahotonsa na 2014 cewa a daina ɗaure mai sha, a ɗauke shi a matsayin majinyaci, a mayar da ƙarfin hukuma kan manyan dillalai. A 2018 ya fitar da samfurin doka don ƙasashen yankin. Gana ta ɗan matsa ta wannan fuska a dokarta ta 2020, inda ta sa tara a madadin ɗauri ga wanda aka kama da abin shansa.

Inda aka dosa

Abin da shekarun da suka biyo bayan 2013 suka nuna shi ne, lasisin noma don magani da masana'antu zai iya ci gaba da yaɗuwa a Afirka, musamman a ƙasashen da dama can ake noman tabar. Halastawa don nishaɗi tana tafiyar hawainiya, mafi yawanta a nahiyar Amurka da Turai, kuma misalin Tailan ya nuna ana iya komawa baya. A Nijar da abokanta na ƙawancen AES, Mali da Burkina Faso, babu alamar ko ɗaya daga cikin biyun a nan kusa.

Abubuwa uku ne za su nuna ko lissafin zai sauya: matsayin da Najeriya za ta ɗauka, tunda daga can ganye mai yawa ke shigowa, ko halastaccen noman Maroko zai rage hashish ɗin da ke ratsa Sahel, da kuma ko hukumomin Yamai za su sake duba dokar 1999 don bambanta saurayin da aka kama da ƙulli ɗaya da mai tan 17 a ɗakin ajiya.