Lissafin Boole: yadda taƙaita shi ke rage kayan cikin na'ura

Lissafin Boole reshe ne na aljabara da ke aiki da lambobi biyu kacal, 1 da 0, wato gaskiya ko ƙarya, akwai wuta ko babu. A kansa aka gina kwamfuta da wayar salula.

Sunan ya samo asali daga George Boole, masanin lissafi ɗan ƙasar Ingila, wanda ya shimfiɗa ƙa'idojinsa a wani littafi a 1854. A 1937, wani ɗalibi Ba'amurke mai suna Claude Shannon ya nuna cewa da waɗannan ƙa'idoji ana iya tsara haɗin makunnan lantarki.

Ginshiƙan lissafin uku ne: DA, KO da BA, waɗanda littattafan faransanci ke kira ET, OU da NON. DA yana bada 1 idan dukkan sharuɗɗa sun cika, ana rubuta shi da ɗigo. KO yana bada 1 ko da sharaɗi guda ne ya cika, ana rubuta shi da alamar tarawa. BA kuwa juya amsa yake yi. A cikin na'ura, kowane ɗayansu ƙaramin haɗi ne na tiranzisto da ake kira ƙofa.

Mu ɗauki famfon rijiya mai aiki da hasken rana. Ana so ya tashi idan akwai rana (A) kuma tanki ya yi ƙasa (B), ko kuma idan akwai rana kuma mai gadi ya danna maɓalli (C). A rubuce: A·B + A·C, ƙofa uku ke nan. Tun da rana ta fito a ɓangarorin biyu, sai a fitar da ita gefe: A·(B + C). Ƙofa biyu sun wadatar, kuma aikin famfon bai sauya ba.

Wasu ƙa'idojin da ake yawan amfani da su: A + A = A, A·0 = 0, da A + A·B = A. Akwai kuma dokokin De Morgan, masu mayar da DA zuwa KO ta hanyar BA. A 1953, Maurice Karnaugh ya fito da wani jadawali na gidaje da ke sa a ga abin da za a soke da ido. Idan sharuɗɗa sun yi yawa, manhajar kwamfuta ke ɗaukar aikin.

Amfanin a fili yake: duk ƙofar da aka cire, an rage kuɗi, zafi da cin batir. Sai dai kafin a amince da taƙaitawa, dole a gwada kowane hali a jadawalin gaskiya. A misalin famfo, halaye takwas ne, kuma dole amsa ta zo ɗaya a dukkansu.