FeederWatch: Masu Ƙidayar Tsuntsaye Daga Bakin Taga

Idan hunturu ya kankama a Kanada, dusar ƙanƙara ta lulluɓe ƙasa, ƙwari da tsabar ciyayi sukan yi wa tsuntsaye wuyar samu. Mutanen can sun daɗe da al'adar rataye mazubin tsaba a bayan gida, su zuba gero da kitse, su koma bakin taga suna kallon masu zuwa ci. A shekarar 1976 wata masaniyar tsuntsaye mai suna Erica Dunn ta ga cewa wannan kallo na iya zama aikin bincike. A ƙarƙashin cibiyar lura da tsuntsaye ta Long Point da ke gaɓar tafkin Erie, ta kafa wani shiri na lardin Ontario: duk mai mazubi ya riƙa rubuta irin tsuntsayen da suka sauka gidansa da yawansu, ya aiko.

Shekara goma ana haka, mutum ɗari biyar da 'yan kai suna aiko da takardu. Amma tsuntsu bai san iyakar lardi ba. Wanda ya yi ƙaranci a Ontario bana, wataƙila kudu ya gangara, kuma ba a iya gane hakan sai da idanu a duk faɗin nahiyar. Sai Long Point ta nemi haɗin gwiwar cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell da ke Ithaca a jihar New York. A hunturun 1987 zuwa 1988 aka buɗe shirin da sabon suna, Project FeederWatch, kuma fiye da mutum 4,000 suka shiga tun karon farko. Yau sun haura 20,000 a Amurka da Kanada, inda ƙungiyar Birds Canada ke riƙe da ɓangaren ƙasarta.

Ƙarfin shirin yana cikin ƙa'idarsa. Daga Nuwamba zuwa Afrilu, mutum zai zaɓi kwana biyu a jere, ya ƙirga a wuri ɗaya da bai canzawa. Ba a tara lissafi. In ya ga tsuntsu uku iri ɗaya da safe, ya ga biyar da yamma, biyar zai rubuta, domin ukun nan na safe ƙila su ne suka dawo da 'yan uwansu. Wanda tsuntsaye suka ƙaurace wa gidansa ma ana son rahotonsa, don rashin zuwan nasu shi ma labari ne. Abin burgewa, masu ƙidayar ne ke biyan ɗan kuɗin rajista kowace shekara, da shi ake tafiyar da akasarin aikin.

Wahalar tana wurin tantancewa. Akwai masu ƙwaƙular itace iri biyu, Downy da Hairy, da zanen jikinsu kusan ɗaya ne, sai dai na biyun ya fi girma da tsawon baki. Haka shaho iri biyu da ke kawo farmaki a mazubi, Cooper's da Sharp-shinned, sukan rikita har gwanaye. Shi ya sa in rahoto ya zo da tsuntsun da ba a saba gani a yankin ba, akan nemi hoto kafin a amince.

Amfanin wannan haƙuri ya fito fili a 1994. Mutane a kewayen birnin Washington suka fara ganin ɗan tsuntsun nan mai jan ƙirji, House Finch, da kumburarrun idanu, wasu har ba sa gani. Bincike ya nuna ƙwayar cutar Mycoplasma gallisepticum ce, wadda a da aka fi sani a jikin kaji da talo-talo. Cornell ta roƙi masu mazubi su riƙa duba idanun baƙinsu, da rahotanninsu aka bi sawun cutar wata bayan wata yayin da take ratsa gabashin Amurka, aka kuma ga yadda ta rage yawan tsuntsun. Samun irin wannan cikakken tarihin annoba a dabbar daji abu ne mai wuya ƙwarai, kuma talakawa ne suka rubuta shi daga ɗakunan girkinsu. Tun daga nan ake nanata wa jama'a su riƙa wanke mazubi, tunda cunkoso a kansa na taimaka wa cuta yaɗuwa.

Alƙaluman sun kuma nuna yadda wata kurciya mai baƙin zobe a ƙeya, wadda ta shigo Florida daga tsibiran Bahamas, ta bazu har yammacin nahiyar. Sun nuna abin baƙin ciki ma. Evening Grosbeak, tsuntsu mai ruwan ɗorawa da kakkauran baki wanda a da yakan sauka garke-garke, wuraren da ke ba da rahotonsa sun ragu da rabi tsakanin 1988 da 2006, garken da ke zuwa kuma ya ƙanƙance. Masana na ci gaba da bin diddigin dalili, suna duba sare dazuzzukan arewa da ƙarancin tsutsar da yake ciyar da 'ya'yansa da ita.