Ƙunar rana

Ƙunar rana lahani ne da hasken rana, musamman nau'in UVB, ke yi wa fata. Fatar kan yi ja da raɗaɗi cikin 'yan sa'o'i, wani lokaci ta yi bororo, daga baya ta saɓule. A kwarin Rima, daga Zauro da Birnin Kebbi zuwa Argungu, abin ya fi tsanani a bazara, tsakanin Maris da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, manoman shinkafa da masunta kuma suna wuni a fili.

Baƙar fata na da kariyar sinadarin melanin, shi ya sa jan ba ya fitowa sosai, sai dai duhu da zogi. Zabaya ba su da wannan kariya, kuma yawan ƙuna kan jawo musu kansar fata. Masu shafa man bilicin su ma suna cikin haɗari.

Wasu kuma jikinsu ne ba ya jituwa da rana: ƙuraje masu ƙaiƙayi kan feso a wuya da hannuwa. Maganin doxycycline kan janyo hakan. Wannan daban yake da ƙurajen zafi, waɗanda toshewar ƙofofin gumi ke kawowa.

Malfa, doguwar riga da man kariya mai SPF 30 na rage haɗarin ƙunar rana.