Maɗaci da Jitar Lantarki: Shin Itace ke Ba da Amo?

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kankiya ko Kusada ya san masassaƙi ba ya saran itace da ka. Ƙirya ta turmi ce da taɓarya, saboda taurinta. Alilliba kuwa, da yake ba ta da nauyi kuma tana da daɗin fafewa, ita ake nema in za a sassaƙa ganga ko kalangu. Wannan ilmi ne ya sa muka ga ya kyautu mu waiwayi wata gardama da ta daɗe tsakanin makaɗan Turai da Amurka, wato ko itacen da aka yi jikin jitar lantarki da shi yana sauya amonta.

Tarihin abin ya faro ne wajen 1940, lokacin da wani makaɗi, Les Paul, ya ɗaura tsirkiya a kan gungumen katako marar rami, ya haɗa da lantarki. A 1952 kamfanin Gibson ya fitar da jita mai sunansa, jikinta na mahogani, wanda dangin maɗacinmu ne. Kamfanin Fender ya biyo da Stratocaster a 1954, da wani itace daban. A 1958 kuma Gibson ya ƙera Flying V da katakon limba na dazuzzukan Afirka, ɗan uwan baushe. Daga nan makaɗa suka rabu, wasu na cewa mahogani na da kaurin murya, wasu na cewa zancen 'yan kasuwa ne kawai.

To, ina gaskiyar take? A garaya, tsirkiya ke girgiza fata, fata ta girgiza iskar cikin ƙoƙon, sannan kunne ya ji. Saboda haka jikinta shi ne muryarta. Jitar lantarki kuwa maganaɗisu ne a ƙarƙashin tsirkiyar ƙarfe ke ɗaukar motsinta, ya mai da shi lantarki, ya aika wa amsa-kuwwa. Rabon itace a nan kaɗan ne, galibi a tsawon lokacin da amon kan ɗauka kafin ya mutu. Shi ya sa a 1969 kamfanin Ampeg ya yi jita da roba mai kama da gilashi, kuma manyan makaɗa suka kaɗa ta.

Ashe ke nan, jama'a, mu ya kamata zancen itace ya fi damu. Mai jita ko bishiya ta ƙare yana da mafita, amma makaɗin kalangu ba shi da ita. Ranar da gatarin mai itacen wuta ya gama da alillibar gonakinmu, amon da kakanninmu suka saba ji zai tafi tare da ita. Hausawa dai sun ce, da tsohuwar zuma ake magani. Sai mu dasa tun da sauran damina.