Kiwon Jatan Lande: Yadda Ƙananan Makiyaya Ke Yinsa Ba Tare Da Sare Daji Ba

Duk wanda ya zauna a Kudu ya san jatan lande. Mutanenmu da ke saro busasshen kirafish a Oron suna kaiwa Arewa sun san shi a buhu, na Legas kuma suna ganin manyansa ɗanye a kan ƙanƙara. Kusan duk wanda ake sayarwa a kasuwanninmu kamo shi aka yi daga teku ko bakin kogi. A duniya kuwa fiye da rabin wanda ake ci kiwata shi ake yi a tafkuna, kamar yadda ake kiwon tarwaɗa a nan. Ƙasashen da suka yi fice su ne Sin, Ekwado, Indiya, Biyetnam da Indunusiya, kuma a Asiya yawancin masu kiwon ƙananan manoma ne masu 'yan kadada kaɗan.

Jatan landen da aka fi kiwo na son ruwan da ya gauraya, wato inda ruwan kogi ya haɗu da na gishiri. A irin wurin ne kuma itatuwan mangurob ke tsirowa, waɗannan masu saiwa a waje kamar ƙafafu, da ake gani a rafukan Neja Delta. A shekarun 1980 da 1990, da kasuwar Amurka da Turai da Japan ta buɗe, sai aka yi ta sare wannan daji ana haƙa tafkuna. Asarar ba ƙarama ba ce, domin cikin saiwoyin nan ƙananan kifaye da kaguwa ke girma, kuma su ne ke tare igiyar ruwa kada ta cinye gaɓa.

Sai kuma cuta. Idan aka cunkusa dabba wuri guda, ana zuba abinci, kashi na taruwa a ƙasan tafki, to ba a daɗewa. Cutar farin tabo ta ɓulla a farkon shekarun 1990, tana iya gamawa da tafki cikin 'yan kwanaki, kuma har yau ba ta da magani. Wata kuma mai kashe ƙanana cikin watan farko ta fara a Sin a 2009, ta isa Tailan a 2012, ta rage abin da ƙasar ke samarwa da kusan rabi. Babban kamfani yana iya jure asarar zubi ɗaya ko biyu. Ƙaramin makiyayi kuwa, wanda ya karɓi iri da abinci bashi a hannun dillali, zubi ɗaya ya isa ya raba shi da gonarsa.

Misalin da aka fi kawowa na wata hanya daban shi ne lardin Ca Mau, can ƙarshen kudancin Biyetnam. A nan gwamnati kan ba iyali fili a cikin dajin mangurob bisa sharaɗin a bar kaso mafi yawa na filin da itatuwansa, a yi kiwo a sauran. Makiyayi yana haƙa magudanai tsakanin itatuwa, ya sa ƙofar ruwa guda. Idan teku ya ciko ya buɗe, sabon ruwa ya shigo. Ba ya sayen abincin kamfani, ba ya zuba magani, domin ganyen da ke zubowa yana ruɓewa ya haifar da ƙananan halittun da jatan landen ke ci. Ana kamawa sau biyu a wata, lokacin tsayuwar wata da cikarsa, sa'ad da ruwa ke ja da ƙarfi: a kafa raga a bakin ƙofa, a saki ruwa. A gefe guda ga kaguwa da kifi a cikin ruwan, su ma kuɗi ne.

Gaskiyar magana, abin da ake samu kaɗan ne. Kadada guda ba ta wuce 'yan ɗaruruwan kilo a shekara, alhali tafkin zamani mai injin hura iska yana ba da tan da yawa. Shi ya sa makiyayi kullum zuciyarsa ke raya masa ya ƙara sare itace ya faɗaɗa ruwa. Wa'azi ba ya hana wannan, sai an sa barin itacen ya zama riba.

Abin da ƙungiyar SNV ta Holan da ƙungiyar kare muhalli ta IUCN suka yi ke nan a wani shiri da suka fara a 2012. Sun haɗa makiyayan rukuni-rukuni, aka auna filin kowa, aka koya musu rubuta abin da suka zuba da abin da suka kama, aka sake dasa itace inda ya yi ƙaranci. Manufar ita ce su samu takardar shaidar Naturland ta Jamus, wadda ke buƙatar aƙalla rabin fili ya kasance daji. Kamfanin Minh Phu, ɗaya daga cikin manyan masu fitar da jatan lande a ƙasar, ya amince ya saya da ƙarin farashi. Haɗuwar a rukuni ita ce jigon abin, saboda kuɗin kawo mai bincike ya duba gona ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Indiya ma ta bi wannan hanya tun 2007, inda gwamnati ta kafa cibiyar da ke haɗa makiyaya su sayi irin da aka gwada lafiyarsa tare, su zuba lokaci guda, kada wani ya saki gurɓataccen ruwa maƙwabcinsa ya ɗiba.

Ba wai komai ya tafi daidai ba fa. Akwai makiyayan da ke kukan ƙarin kuɗin ba ya zuwa da wuri, dillali kuma yana bakin ƙofa da kuɗi a hannu. Wanda ke da ciwo a gida ba zai jira kamfani ba.

A Najeriya kiwon bai kankama ba tukuna. Akwai babbar gonar kamfanin Atlantic Shrimpers a yankin Badagry, akwai cibiyar binciken teku ta NIOMR a Legas da ta kiwon kifi a Aluu kusa da Fatakwal, amma ƙananan masu kiwo ba su da yawa. Jatan lande mai zane kamar damisa, wanda shi ne ake kiwo a Ca Mau, asalinsa na Asiya ne, sai dai tun ƙarshen shekarun 1990 masunta ke kama shi a ruwanmu. Dajin mangurob na Najeriya shi ne mafi girma a Afirka, kuma tuni malalar mai da saran itacen ƙyafe kifi suka ci wani ɓangarensa. Don haka duk wanda aka zo masa da tayin zuba jari a tafkin jatan lande a Ribas, Bayelsa ko Akwa Ibom, ya fara tambayar daga ina irin zai fito, wa ya gwada shi, kuma filin na wane ƙauye ne, domin rafin da baƙo ke gani kamar ba mai shi, akwai masuntan da ke ci daga cikinsa.