Wa'adin Baƙo: Tarihin Haya da Tashi a Ƙasar Gaya da Ajingi

Ranar da yayana ya zo da kafinta don a cire ƙofar ɗakin ɗan hayar gwaggonmu a garin Gaya, ni na tare su a zaure. Daminar 2023 ce, 'yan watanni bayan cire tallafin man fetur. Ɗan hayar tela ne mai mata da 'ya'ya uku, ya shekara guda da wata biyu bai biya ko kwabo ba. Gwaggo kuwa ba mai hali ba ce: ɗakuna uku ta gada daga mijinta, da kuɗinsu take sayen hatsi da maganin hawan jini. Na ce musu doka ta hana. Sai ta ɗago kai daga kan tabarmarta ta ce, "Ɗan nan, wace dokar? Ta Allah, ta sarki, ko ta Bature?" Digirina na tarihi bai ba ni amsa a ranar ba. Daga baya na gane cewa dukkan ukun suna nan a jere kamar hawan gini, kuma abu guda suke jayayya a kansa, wato wa'adi: kwana nawa za a ba wanda ya gaza, kuma wa zai ɗauki asarar kwanakin.

Gaya tsohon gari ne. Ruwayar da ta shahara ta ce daga nan maƙeran Abagayawa suka tashi neman tama har suka sauka gindin Dala. Amma a tsawon ƙarnonin nan ɗakin kwana bai zama haja ba. Baƙo idan ya iso, wurin mai unguwa ko dagaci ake kai shi, a ba shi masauki, in ya nuna niyyar zama a yanka masa fili. Ƙasa ce da azara da ciyawa, gumi suke ci fiye da kuɗi. Fatake kuma suna sauka gidan fatoma, wanda la'adar ciniki ce ribarsa. Abin da ake bayarwa na ɗan lokaci ita ce gona, ta hanyar aro ko jingina ko hayar damina. A nan ne dokar tashi ta farko ta samo tushe: ba a karɓe gona shuka na tsaye. Ko mai aro ya saɓa, sai an jira kaka ya kwashe amfaninsa. Wanda ya kawo baƙon shi ne shaida, shi ne kuma mai raba gardama. Har yau a ƙauyukan Ajingi, irin su Toranke da Balare, dattijo zai ji kunyar a ce ya ƙwace gona ana tsakiyar noma.

Hawa na biyu shi ne fiƙihun Malikiyya, wanda ya daɗe a ƙasar Kano kuma ya ƙara kafuwa bayan jihadin farkon ƙarni na 19. Alƙalai suna hukunci da Risala da Muhtasar da Tuhfa. A wurinsu haya ƙulli ne mai ɗaure ɓangare biyu: a san kuɗin, a san muddar, kuma mutuwar mai gida ko ta ɗan haya ba ta warware shi. Kuɗin da ba a biya ba bashi ne, shi kuwa bashi ana duban mai shi. Mawadaci mai taurin bashi ana matsa masa, wanda ya rasa kuwa ana yi masa jinkiri har ya samu, kamar yadda Suratul Baƙara ta yi umarni. Sai dai akwai gaɓar da masu neman uzuri kan tsallake. Jinkirin a kan bashin yake. Idan mudda ta cika, ɗaki na mai shi ne. A ganina wannan rarrabewa ta fi duk abin da ya biyo baya adalci, domin ta tausaya wa tela ba tare da ta manta da gwaggo ba.

Turawa sun ci Kano a 1903, kuma ƙasa ce ta fara ɗaukar hankalinsu. Dokar 1910 ta sanya filayen Arewa ƙarƙashin ikon gwamna, ta 1962 ta ɗora a kai, sannan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha amana a hannun gwamna, ta bar wa ƙananan hukumomi ba da izinin mallaka a karkara. Duk waɗannan ba su shiga tsakanin mai ɗaki da mai kwana a ciki ba. Wadda ta shiga ita ce dokar karɓar gida daga ɗan haya ta 1945, wadda jihohi suka gada suka yi wa kwaskwarima. Ƙa'idarta, idan babu wata yarjejeniya: mai hayar mako a ba shi sanarwar mako, mai hayar wata sanarwar wata, mai hayar shekara wata shida, sannan a ƙara takardar kwana bakwai cewa za a je kotu. Kotu kaɗai ke fitar da mutum. Doka ce da aka ɗinka wa Legas da unguwanni irin Sabon Gari, inda akwai albashi da rasit da lauya. Bayan ƙarin albashin Udoji na 1975 haya ta yi tashin gwauron zabi a birane, gwamnatocin soja suka kafa kotunan ƙayyade haya.

Kusan a lokacin ne haya ta iso mana. Gyaran ƙananan hukumomi da shirin firamare kyauta, duka a 1976, sun kwararo malamai da ma'aikatan lafiya da 'yan sanda zuwa garuruwan da ba su da dangi. Ajingi ma ta zama hedikwatar ƙaramar hukuma, jami'ar Wudil ta buɗe a 2001 a maƙwabta. Siminti da kwano suka maye gurbin ƙasa da ciyawa, ɗaki ya zama jarin 'yan fansho da zawarawa. Abin da ya sauya ƙwarai shi ne hanyar shigowar baƙo. Yanzu dillali ke kawo shi, ya karɓi la'adarsa ya tafi. Yarjejeniya ta baka ce kamar ta da, amma babu dattijon da ya tsaya mata. Mun saki shaidar al'ada, ba mu kama takardar boko ba.

Daga wannan giɓi ne cire ƙofa da kware kwano da watsi da kaya suka fito. Kotun Ƙoli ta daɗe da haramta ɗaukar doka a hannu. A 1986 ta tsawata wa gwamnatin Legas kanta saboda fitar da Odumegwu Ojukwu da ƙarfi daga wani gida a Ikoyi alhali magana na gaban kotu. Idan an hana gwamna, ina ga yayana da kafintansa? Amma dokar tana da nata rauni. Shekaru da dama 'yan haya masu wayo suna fakewa da ƙaramin kuskure a takardar sanarwa su yi ta zama, har Kotun Ƙoli ta nuna ƙyamar wannan dabara a shari'ar kamfanin Pillars a 2021. A Gaya matsalar ta fi haka sauƙin faɗi: kuɗin ɗauko lauya daga Kano na iya haɗiye hayar ɗakin ta shekara. Wa'adin da doka ta bayar kyauta ce mai kyau, amma daga tukunyar gwaggo ake ɗiba.

Wurin mai unguwa muka ƙare. An ƙirƙiri masarautar Gaya a 2019, aka rushe ta a 2024, aka maido ta mai daraja ta biyu da Gaya da Ajingi da Albasu, amma zaurensa bai taɓa rufewa ba. Ya tambayi telan abin da ya mallaka. Keke ɗaya ne, da 'yar gona ta gado a ƙasar Ajingi. Bai taɓa keken ba, domin shi ne bakin abincinsa. Ya sa wa'adi zuwa kaka. Gwaggo ta yafe wata huɗu, aka rubuta sauran da boko da ajami, limamin unguwa ya sa hannu. Da sanyi ya shigo telan ya kawo buhu biyu na gero, ya kwashe kayansa da rana tsaka, ya miƙa makulli. Saura bashin wata uku, yana aikowa kaɗan-kaɗan, a Ƙaramar Salla kuma ya ɗinka wa jikokinta kaya aka rage.

Da sabon ɗan haya ya zo tare da dillali, na fito da takardar yarjejeniya da na buga. Gwaggo ta karɓa ta tura ƙarƙashin tabarma, ta ce a je a zo da mai unguwa tukuna.